Ba a fafe gora ranar tafiya: shirin Kirsimeti tun kafin Disamba ta kama

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana da 'yan'uwanmu Kiristoci masu karanta Hausa a kan Kirsimeti, tun da sauran lokaci. Muna kuma fatan maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan masu karatunka, za su ga abin da ke ƙarƙashin shinkafa da sabon ɗinkin da suke gani a unguwa kowace shekara.

Da hunturu ya buso, shiri ya kankama ke nan. Tela ya daina karɓar ɗinki, 'yan adashi suna lissafin ranar kwasa, maza sun haɗa kuɗin watanda, an ɗaure zakara a bayan ɗaki ana ba shi dusa. Babu laifi a ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da ke damunmu shi ne tukunya tana samun shirin wata biyu, zuciya kuwa ko na dare ɗaya ba ta samu. Sai mutum ya shigo majami'a ranar 25 ga Disamba da sabuwar shadda, da gajiyar kwana biyu bai runtsa ba, da gabar da ya ɗauko tun damina. Wa'azi bai kai rabi ba ya fara gyangyaɗi.

A wurin Kirista, Kirsimeti tunawa ce da ranar da Allah ya sauko ya ɗauki jiki irin namu. Bisharar Yahaya 1:14 ta faɗe shi a taƙaice: Kalman, wato Yesu, ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Matiyu ya ba jaririn suna biyu a sura ta farko, kuma duk tauhidin bikin yana cikinsu. Na farko Yesu, domin shi ne zai ceci mutanensa daga zunubansu (1:21). Na biyu Immanuwel, wato Allah tare da mu (1:23), sunan da annabi Ishaya ya ambata ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar. Wanda ya riƙe suna na biyu ya saki na farko zai yi biki mai daɗi, amma ba zai ga dalilin tuba ba. Wanda kuma ya riƙe na farko kaɗai zai yi ta huɗubar zunubi fuska a murtuke, ya manta cewa albishir na farin ciki mai yawa mala'ika ya kawo wa makiyaya.

A duba kuma inda abin ya faru. Umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ya tayar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ita kuwa da tsohon ciki. Baitalami ƙaramin gari ne, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima, wanda annabi Mika ya riga ya nuna (5:2). Kalmar da Luka ya yi amfani da ita da ya ce ba su samu wuri ba, wadda aka saba fassarawa masauki, tana iya nufin ɗakin baƙi na gida. Duk wanda ya taɓa komawa ƙauye lokacin biki ya tarar dangi sun cika kowane ɗaki har zaure ya san yadda hakan yake. Aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Da kwana 40 suka cika, iyayensa suka kai hadaya Haikali: kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu (Luka 2:24). Littafin Firistoci 12:8 ya nuna wannan ita ce hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago. To, gidan da bai iya yanka ko kaza ba a bana kada ya sunkuyar da kai, domin irin gidansa ne Almasihu ya zaɓa.

Akwai masu cewa ranar 25 ga Disamba ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Gaskiya suka faɗa, kuma bai kamata malamin makarantar Lahadi ya yi gardama a kai ba. Babu inda aka ba da rana ko wata. Rubutaccen tarihi mafi tsufa da ya nuna ana bikin a wannan rana daga birnin Roma ya fito, a shekara ta 336. Har yau Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha ranar 7 ga Janairu suke nasu, saboda tsohuwar kalandar da suke bi, Armeniyawa kuma 6 ga Janairu. Ikkilisiya ce ta keɓe rana don tunawa, kuma Romawa 14:5-6 ta ba da wannan dama, muddin domin Ubangiji ake kiyaye ranar.

Magabata ba su faɗa wa bikin kwatsam ba, sun sa masa lokacin jira. Katolika da Anglikan da Lutheran suna kiransa Adbent, daga kalmar Latin mai nufin zuwa. Yana farawa ranar Lahadin da ta faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya ɗauki Lahadi huɗu, wato kwana 22 zuwa 28 gwargwadon yadda shekara ta zo. Limamai kan sa tufafi masu launin shunayya, alamar tuba da jira. Kibɗawa azumin kwana 43 suke yi kafin nasu bikin. Majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN da Baptist ba duka suke bin wannan tsari filla-filla ba, kuma ba muna cewa dole sai sun bi ba. Amma makonnin nan huɗu na kowa ne, babu ɗarikar da ta hana membanta ya shirya zuciyarsa.

Mafi sauƙin abin da iyali za su fara da shi shi ne karatu. Bisharar Luka sura 24 ce cif. A fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowace rana, a gama ranar jajibere. Sura ta farko ita ce mafi tsawo, aya 80, don haka a raba ta biyu, rabi da safe rabi da dare. Sauran kuwa minti goma ya ishi mai karatu a bayyane. Amfanin wannan tsari shi ne ranakun 22, 23 da 24 za su same ku kuna karanta kamun Yesu, da gicciye shi, da tashinsa, sai ku wayi gari ranar Kirsimeti kun san abin da ya kawo jaririn. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan tuwon dare, kafin a kunna talabijin. Da asuba sanyin hunturu kan hana yara fita daga bargo, uwa kuma hankalinta yana kan murhu. Minti ashirin ya isa: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu, tambaya ɗaya ga yara, addu'a. A riƙa juya karatun, yau uba, gobe 'yar aji huɗu ko da tana tuntuɓe da sunaye. Tsohuwar da idonta ya yi rauni a kunna mata karatun Hausa na murya a waya, akwai shi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya da Wusasa ya jagoranta, saboda haka rashin jin Turanci ba hujja ba ne.

Abu biyu ke kashe wannan sujadar iyali. Ɗaya shi ne maigida ya mai da ita dandalin wa'azi, ya yi awa guda yana jifan matarsa da 'ya'yansa da ayoyi. Kwana uku kowa ya fara ciwon kai da an ce a taru. Ɗayan kuma shi ne a tsallake kwana biyu saboda tafiya ko baƙi, sai a ce ai an riga an ɓata, a watsar. In an tsallake, a karanta surar ranar da ake ciki a ci gaba, waɗanda aka rasa a rama su ranar Lahadi da yamma. Masu son kunna kyandir huɗu, ɗaya a kowace Lahadi, su kafa su a kwano cike da yashi, nesa da labule da zana. Gobarar hunturu ba ta san ibada ake yi ba.

Ranar 3 ga wata karatu zai kawo ku kan Yahaya Maibaftisma, kuma a nan ne aikin yake. Shi aka aiko ya shirya hanya, kuma da jama'a suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su ƙara tsawon addu'a ba. Ya ce mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:10-14). Wannan magana ba ta bukatar dogon sharhi ga wanda ya bi manyan hanyoyinmu a watan Disamba. Ta shafi Kirista mai kaki a shingen hanya, da 'yar kasuwar da ta bubbuga gindin mudunta, da direban da ke ninka kuɗin mota don ya ga mutane sun matsu su isa gida, da tela mai karɓar ɗinki talatin alhali ya san ashirin zai iya. Ta shafi maigidan da ya sayi buhun shinkafa bai biya yaran da suka yi masa girbi ba. Ya karanta Yakubu 5:4 kafin ya ɗora tukunya.

Saboda haka a mako na farko kowa ya samu takarda da biro, ya keɓe shi kaɗai, ya rubuta abu biyu: waɗanda suke binsa, da waɗanda ba ya ga maciji da su. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mai binka ya gan ka da sabon takalmi kana sauya hanya. In ba za a iya biya duka ba, a kai abin da ya samu, a faɗi ranar cikon, a kuma cika. Ranar 19 ga wata za ku karanta labarin mai karɓar harajin nan na Yariko da ya hau itace don ya ga Yesu. Alamar tubarsa ita ce ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu.

Sulhu ya fi biyan bashi wuya, shi ya sa ake ɗaga shi shekara bayan shekara. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Matiyu 18:15-16 ta ba da tsari: ka je kai kaɗai, in bai saurare ka ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu. A aikace, zumunta a ƙafa take. Ba a sulhu ta saƙon waya, balle a zauren WhatsApp na dangi inda kowa zai sa baki. A je gida, da rana, ba a gaban yara ba. Kada a ce "in na yi maka laifi ka yafe mini", domin wannan "in" ɗin ya riga ya janye rabin tubar. A ambaci laifin da sunansa: na zage ka a gaban mutane, na matsar da iyakar gona, na kai maganarki wurin surukarmu. Kada kuma a haɗa da lissafin laifin ɗayan. In yana da nasa, shi zai kawo. Rikicin gado ko na fili ba zai ƙare a zama ɗaya ba, amma ana iya dawo da gaisuwa da cin abinci tare, a sa ranar zama da dattawa bayan sabuwar shekara. Mafi munin lokacin tayar da irin wannan magana shi ne ranar bikin kanta, bayan an ci an sha, dangi sun cika tsakar gida. Sau da yawa daga nan ake wucewa ofishin 'yan sanda. A gama da shi kafin 15 ga wata. 'Yan Katolika su je furta zunubi a gaban Fada a mako na biyu ko na uku, kada su jira jajibere lokacin da layi ya kai bakin ƙofa, Fada kuma yana da ƙauyuka da yawa a wuyansa. Mai zuwa Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, a kowace ɗarika ya tuna 1 Korintiyawa 11:28, ya auna kansa kafin ya miƙa hannu.

Azumi a wannan lokaci ba doka ba ne ga yawancinmu, amma yana da amfani. Yini ɗaya a mako ya isa, Laraba ko Juma'a, daga safe zuwa yamma. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon suga ko gyambon ciki, da mai shan magani a kan lokaci, kada su yi. Abin da aka rage na abincin ranar a auna shi a zuba a wani buhu dabam. Ishaya 58:6-7 ta haɗa azumi da raba abinci da mayunwata, don haka in tiyar ta koma rumbunka, yunwa kawai ka sha.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Babban kuskuren manomi shi ne ya kwashi masara ko waken suya ya kai kasuwa a Disamba, lokacin da kowa ke kaiwa farashi kuma ya faɗi, don ya yi wa iyali anko. Janairu ta zo da kuɗin makaranta, damina ta zo da kuɗin taki, a watan Yuli ya koma sayen hatsin da ya sayar da tsada. A zauna da uwargida tun farkon wata a raba abin da ake da shi: kuɗin makaranta a gefe, abincin da zai kai iyali kaka a gefe, rabon mabukata a gefe, abin da ya saura shi ne na biki. Bikin da aka ci bashi aka yi, mai bashin ne ya ci riba.

Rabon mabukata kuwa yana da ƙa'idarsa. Gida ɗaya ya ajiye mudu ɗaya na shinkafa ko masara kowane mako, mako huɗu ya zama mudu huɗu; gida hamsin a majami'a sun tara mudu 200 ba wanda ya ji a jikinsa. 'Yan watanda in su ashirin ne su kasa nama kashi ashirin da ɗaya. Zumuntar Mata su ne suka san gwauruwar da ke kwana da yunwa ba ta faɗa, da marayun da ke hannun kaka, da 'yan gudun hijirar da suka raɓe a kangon wani; a bar musu rubuta sunaye, a asirce. A haɗa da man girki da gishiri, domin shinkafa tsura ba ta zama abinci, a sa bargo ko rigar sanyi in da hali. A kai kayan tsakanin 20 da 22 ga wata, don mai karɓa ta samu zarafin kai niƙa da neman itace. Kada a kira su gaban majami'a a jera, kada a ɗauki hoto a sa a Facebook. Matiyu 6:3 ta hana hannun hagu sanin abin da na dama ya yi, balle duniya. Surar ranar 14 ga wata ma ta ce in za ka yi biki ka gayyaci waɗanda ba za su iya rama maka ba (Luka 14:12-14).

Shugabannin majami'a su ma suna da nasu gyaran. Gwajin waƙa da na wasan kwaikwayo kan cinye watan gaba ɗaya, har matasa su kai ranar bikin murya a dishe, ba su buɗe Littafi ko sau ɗaya ba. Kwana biyu ko uku a mako ya isa, a tashi kafin dare ya yi. A wasan yara kuma a bi nassi. Matiyu bai ce masana taurarin da suka kawo wa Yesu kyautai su uku ne ba, kyautai ne uku: zinariya da lubban da mur. Bai kira su sarakuna ba, kuma a gida suka sami yaron, ba a wurin komin dabbobi ba (2:11). Mai masaukin nan da ke korar Maryamu da tsawa babu shi a Luka. Sannan a daina ba wanda ya fi kowa ban dariya matsayin Sarki Hirudus, har jama'a su koma gida suna maimaita barkwancinsa. Mutumin da ya sa aka kashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa ba abin tafi ba ne.

Masu zagayen waƙa gida-gida su sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, su fita da wuri su dawo da wuri, su rage lasifika in sun zo kusa da masallaci lokacin salla. Iyaye su hana yara wasan nokawut. 'Yan sanda kan hana shi a jihohi da dama, kuma a garin da ya taɓa jin harbi, ƙarar ba wasa ba ce ga tsofaffi da masu hawan jini.

Game da maƙwabta Musulmi, mun san Alƙur'ani yana da sura guda mai sunan Maryam, yana kuma girmama Annabi Isa da haihuwarsa ba tare da uba ba. Mun kuma san inda muka rabu: mu muna shaida shi Ɗan Allah ne da ya zama mutum, su ba su yarda da haka ba. Ba sai an ɓoye wannan bambanci ba kafin a yi zaman lafiya. Tsohuwar al'adar nan ta aika kwanon abinci, su kawo mana na Salla mu kai musu na Kirsimeti, a riƙe ta da kyau. Wanda zai aika ya ba Musulmi ya yanka dabbar, ya dafa a tukunyar da ba ta taɓa naman alade ko giya ba, ya kuma faɗa wa maƙwabcin haka tun kafin ya tambaya. In akwai shakka, ɗanyar shinkafa da kaza mai rai ko cincin sun wadatar. Wanda ya ƙi karɓa kada a riƙe shi a zuciya.

Akwai kuma gidajen da wannan wata yake tayar musu da miki. Mutanen Madalla ba su manta da safiyar Kirsimetin 2011 ba, na Bokkos da Barikin Ladi ba su manta da jajiberen 2023 ba, ban da waɗanda nasu ke hannun masu garkuwa har yanzu, da waɗanda suka binne wani a cikin shekara. Labarin haihuwar bai tsallake irin wannan ba. A cikinsa akwai kukan Rahila saboda 'ya'yanta (Matiyu 2:18), da gudun dare zuwa Masar, da maganar tsoho Saminu ga Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta (Luka 2:35). Shi ya sa tsohon tsarin ikkilisiya ya sa tunawa da Istifanas, shahidi na farko, ranar 26 ga Disamba, da yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka kashe ranar 28. Dattawa su raba sunayen irin waɗannan gidaje a tsakaninsu tun mako na uku, mutum biyu ga kowane gida. A je ranar bikin bayan an tashi sujada, da abinci a hannu, ba da ganga ba. A ambaci sunan mamacin, kada a yi kamar ba a taɓa yinsa ba. Kada a ce wa gwauruwa ta daina kuka don yau ranar murna ce. A zauna, a karanta Zabura 23 ko Ishaya 9:2-7 in ta yarda, a yi gajeriyar addu'a. Sannan a sake komawa a mako na biyu na Janairu, lokacin da baƙi suka watse, yara suka koma makaranta, gidan ya yi tsit.

Mun gode, Malam Edita, da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu dattawan ikkilisiya da malaman makarantar Lahadi,
daga Jihar Kaduna